Neman madadin phpMyAdmin: abin da muka gwada a kan rumbun bayanan wani kanti a Kwari

Rumbun bayanan da muke kula da shi na wani dilan atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, mai shaguna uku da sito ɗaya. MariaDB ce, manhajar rumbun bayanai 'yar uwar MySQL, a kan sabar Ubuntu ta haya, tebur arba'in da 'yan kai, kuma teburin ciniki kaɗai ya haura layi miliyan biyu. Shekara da shekaru da phpMyAdmin, manhajar duba rumbun bayanai ta burauza, ake duba shi, don ita kowa ya fara sani: tana zuwa a cikin XAMPP da ake girkawa a kwamfuta don gwada shafin intanet, tana cikin cPanel da kamfanonin hayar saba ke bayarwa, kuma tun 1998 ake aiki da ita. Abin da ya tayar da maganar neman wata shi ne ranar da aka buƙaci mayar da kwafin ajiya mai nauyin megabait 640, shafin shigar da fayil kuwa ya ce bai san zancen ba.

Ba a wajenta matsalar take ba, a wajen PHP ne da take zaune a kansa. Idan ba a taɓa php.ini, fayil ɗin saitin PHP, ba, `upload_max_filesize` megabait 2 ne, `post_max_size` 8, `max_execution_time` sakan 30. Ita kanta phpMyAdmin tana da nata wa'adin na sakan 300, sannan in ka bar shafin minti 24 ba ka taɓa komai ba sai ta fitar da kai. Duk ana iya ɗaga waɗannan lambobi, mun kuma ɗaga. Amma ko an ɗaga, fayil ɗin ta burauza zai bi, a kan intanet ɗin waya, a tsakiyar kasuwa da rana tsaka lokacin da sabis ya fi nauyi. In ya yanke a kashi 80 cikin 100, daga farko za a sake. Abin da ya fi wannan muni shi ne shigarwar ta tsaya a rabi: wasu teburan sun shiga, wasu ba su shiga ba, ba kuma lallai ka lura ba sai akawu ya nemi lissafin wata ya tarar da giɓi.

Dalili na biyu a kundin shige da fice na Apache, manhajar da ke buɗe shafukan intanet a sabar, muka gan shi. Dare da rana manhajojin 'yan kutse suna ƙwanƙwasa `/phpmyadmin` da `/pma` da `/adminer.php`, daga adiresoshi barkatai. Ba mu suke nema musamman ba, kowace saba haka suke yi mata. To amma a bayan wannan shafi akwai sunaye da lambobin waya da bashin abokan cinikin Alhaji mai kantin, kalmar sirri guda ce kawai ta tare hanya. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin irin waɗannan bayanai a kan wanda ya tara su, ko babu doka ma amana ce.

Kafin mu sauke ko manhaja ɗaya, sai da muka haɗa wurin gwaji, don ba a koyon aski a kan rumbun da kashiyoyi ke rubuta ciniki a ciki. A kan sabar muka fitar da kwafi:

`mysqldump --single-transaction --routines --events --default-character-set=utf8mb4 kanti | gzip > kanti.sql.gz`

Amfanin `--single-transaction` shi ne yana ɗaukar hoton teburan InnoDB, tsarin ajiyar tebura na MariaDB da MySQL, a lokaci guda ba tare da ya kulle su ba, ciniki na ci gaba. `--routines` da `--events` kuwa sai ka rubuta su da hannunka, in ba haka ba za a bar su a baya. Matsewar gzip ta dawo da fayil ɗin ƙasa da megabait 100, muka jawo shi da `rsync --partial`, wanda in sabis ya ɗauke yake ci gaba daga inda ya tsaya. Layin ƙarshe na fayil ɗin muka fara dubawa: in babu `-- Dump completed on`, kwafin bai cika ba. Ga mai Windows akwai wani tarko a nan. Tsohuwar PowerShell, siga ta 5.1, in ka yi amfani da alamar `>` tana rubuta fayil ɗin da tsarin UTF-16, wanda `mysql` ba zai iya karantawa ba. A yi amfani da `--result-file` a huta. Bayan mun loda kwafin a wata ƙaramar saba ta daban, mun musanya lambobin wayar mutane da na bogi kafin kowa ya fara gwaji a kai.

Manhajoji huɗu muka ɗauko: Adminer, HeidiSQL, DBeaver da MySQL Workbench. pgAdmin ba ta shigo ba don ta PostgreSQL ce kaɗai. Kowacce mun sa ta aiki iri ɗaya: ta shiga ta bututun SSH (tsararriyar hanyar shiga saba daga nesa), ta buɗe teburin ciniki, ta nuna sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, ta shigar da babban fayil, sannan mu kashe intanet ɗin waya tana tsakiyar aiki mu ga abin da zai biyo baya. Duka a kan tsohuwar laftof mai RAM gigabait 4, irin wadda take a ofishin sito, ba a kan tamu ba.

Workbench ce muka fara cirewa. Ta Oracle ce, an yi ta ne don MySQL, da ta haɗu da MariaDB sai ta yi gargaɗin cewa ba sabar da ta sani ba ce, wasu sassanta kuma ba sa aiki daidai. Ga mai MySQL tsantsa tana da kyau, musamman wajen zana taswirar alaƙar tebura, kuma tana da wata kariya da muke so: ba ta barin `UPDATE` ko `DELETE` marar sharaɗi a kan mabuɗi ya wuce, sai ta ba da kuskure mai lamba 1175. Wanda zai yi aiki da ita ya tuna ya ƙara wa'adin jiran amsa, don a siga ta 8.0 sakan 30 ne, duk tambayar da ta wuce haka sai ka ga kuskure 2013 kamar sabis ne ya yanke.

Adminer fayil ɗaya ce tak ta PHP, ba ta kai megabait ɗaya ba, aikin Jakub Vrána ɗan ƙasar Cek. Ka ɗora ta, ka buɗe, shi ke nan. Ta fi phpMyAdmin sauƙi a kan sabis mai rauni, tana kuma jin MySQL da PostgreSQL da SQLite. Tana da dabara mai kyau ta babban fayil: ka ajiye shi kusa da ita da sunan `adminer.sql.gz`, ta karanta daga sabar ba ta burauza ba. Sai dai ita ma shafin intanet ce, wato ƙofar da muke son rufewa ce aka sake mata fenti. Sauƙin nata ma shi ne haɗarinta, don mutum kan ɗora ta ya manta da ita shekaru. Sigoginta na ƙasa da 4.6.3 suna da ɓarakar da ake iya satar fayilolin saba ta cikinta, an kuma toshe wata a 4.7.9. Mun ajiye ta ne don wuri ɗaya: masaukin haɗaka, wato sabar haya da mutane da yawa ke rabawa, inda ba a ba da SSH. A can ma a ɗora sabuwa, a canza mata suna, a gama aiki, a goge ta a ranar.

Saura biyu, HeidiSQL da DBeaver, kuma dukansu a kwamfutarka suke zama su miƙa hannu zuwa sabar ta SSH. A nan ne ainihin canjin yake. MariaDB tana sauraro a ƙofa ta 3306, muka bar `bind-address` a 127.0.0.1 yadda ba wanda zai same ta daga waje, katangar tsaro kuma ta bar 22 da 80 da 443 kawai. Da hannu ana haɗa bututun haka:

`ssh -L 3307:127.0.0.1:3306 ma_aikaci@sabar`

Manhajojin biyu suna yin wannan da kansu, amma yana da kyau mutum ya yi shi da hannu sau ɗaya don ya gane abin da ke faruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta adireshin sabar a wuri biyu. Adireshin sabar na shafin SSH ne. A gurbin rumbun bayanai 127.0.0.1 ake sawa, don daga cikin sabar ake kallonsa. Mun zaɓi 3307 ne saboda XAMPP ya riga ya tare 3306 a laftof ɗin, kuma duk wanda ya rikita waɗannan lambobi biyu zai yi ta gyara a rumbun da ke laftof yana zaton na gaske ne, ko kuma akasin haka, wanda ya fi ciwo. Shi ya sa `SELECT @@hostname;` ya zama abin da ake fara bugawa.

Da muka gwada shiga da babban asusu, `root`, sai kuskure 1698 ya tare mu. Daidai ne, haka aka tsara: a Ubuntu `root` na rumbun bayanai ba da kalmar sirri yake shiga ba, sai daga cikin sabar kanta. Ba mu taɓa shi ba. Muka buɗe asusu uku: ɗaya na manhajar kanti, ɗaya na masu gyara, ɗaya na akawu wanda `SELECT` kaɗai aka ba shi. A da kowa da asusu ɗaya yake shiga, in abu ya ɓaci babu yadda za a san hannun wa.

Sai maganar haruffa, wadda ta fi komai cin lokaci, kuma duk mai riƙe da bayanan Hausawa zai haɗu da ita ko ba daɗe ko ba jima. Da muka buɗe teburin abokan ciniki a HeidiSQL, inda ya kamata a ga Ɗanladi sai ga `ÆŠanladi`, Baƙo ya koma `BaÆ™o`, alamar naira ta zama `â‚¦`. DBeaver ma haka ta nuna. Akawun sito da ya leƙo allon cewa ya yi, "Malam, ai a rasit lafiya lau yake fitowa, wannan sabuwar taku ce ta ɓata shi." Gaskiyarsa ta wani gefen, a rasit daidai yake fita. Amma manhajar ba ta ɓata komai ba, abin da ke kwance a teburin ne ta nuna.

Ga yadda abin yake. An gina teburin tun farko da tsarin `latin1`, wanda babu ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ a cikinsa. Manhajar kanti tana aika rubutu da UTF-8, inda ƙ take bait biyu, C6 da 99, amma ta layin da aka ce wa sabar `latin1` ne. Sai sabar ta ɗauki bait biyun a matsayin haruffa biyu, Æ da ™, ta ajiye. In manhajar kanti ta karanta ta wannan layin, bait ɗin su dawo yadda suka tafi, burauza ta haɗa su su zama ƙ. Kuskure biyu ne suke rufa wa juna asiri. Duk manhajar da ta shiga da `utf8mb4` kuwa za ta ga tsiraicin abin. Hanyar tabbatarwa ita ce `SELECT suna, HEX(suna)`: in gurbin `latin1` ne kuma ka ga C699 a inda ƙ take, bayanan lafiyarsu ƙalau, lakabin ne ba daidai ba.

Gyaran yana da tarko. Abin da hannu ke fara kaiwa shi ne `ALTER TABLE ... CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4`, kuma shi ne zai lalata komai, don zai ɗauki Æ da ™ da gaske ya mayar da kowannensu UTF-8, ƙ ɗaya ta koma bait biyar, C386E284A2, ranar da manhajar kanti ta koma shiga da `utf8mb4` kuma rasit ɗin da yake daidai shi ma ya ɓaci. Abin da ya yi aiki mataki biyu ne ga kowane gurbi: a fara mayar da shi `VARBINARY` mai tsawo ɗaya, wanda ke cire lakabin ba tare da taɓa bait ɗin ba, sannan a mayar da shi `VARCHAR` da `CHARACTER SET utf8mb4`. A daren da aka yi wannan dole a gyara manhajar kanti ita ma ta riƙa shiga da `utf8mb4`, in ba haka ba washegari duk ƙ alamar tambaya za ta fito. Mun yi shi sau uku a rumbun gwaji kafin mu taɓa na gaske, bayan an tashi daga kasuwa. A gwaji na farko ne muka gano wasu layuka da aka taɓa gyarawa da hannu ta phpMyAdmin, waɗanda aka riga aka maye musu ƙ da `?` tun ranar. Waɗannan ba su da magani sai sake rubutawa daga littafin bashi.

Ko bayan gyara akwai abin da ya rage: a wajen rumbun bayanai ƙ da k haruffa ne daban, ɗ da d ma haka. Wanda ya nemi Danladi ba zai ga Ɗanladi ba, alhali rabin masu shigar da suna ba su da allon rubutu mai ƙugiya. Wannan ba manhajar dubawa ce za ta warware shi ba. Mun ƙara gurbi na biyu mai ɗauke da sunan ba ƙugiya, ana nema a cikinsa.

HeidiSQL, ta Ansgar Becker a Jamus, ita ta fi dacewa da tsohuwar laftof ɗin. Nan take take buɗewa, tana jawo layi dubu ɗaya a lokaci guda, don haka teburin miliyan biyu bai dame ta ba. Asalinta ta Windows ce, tana ma zuwa tare da MariaDB ta Windows, akwai kuma wadda ake ɗauka a filashi ba sai an girka ba. Abu biyu za a kiyaye. Babban fayil ba a buɗe shi da Load SQL file, don zai cika allon rubutu ya daskarar da kwamfuta. Run SQL file ake zaɓa, kuma a nuna mata UTF-8 da hannu kada a bar ta ta yi hasashe. Na biyu, in ka gyara wani abu a cikin tebur ka matsa zuwa wani layin, ya shiga ke nan, babu tambaya babu komawa. Saboda haka muka ba haɗin sabar gaske launin ja, na gwaji kore.

DBeaver ta fi nauyi don a kan Java take, a gigabait 4 sai ka ɗan jira ta, in burauza na buɗe kuma abin ya ƙara ja. Ranar farko tana buƙatar intanet don ta sauko da direban kowane irin rumbu. Inda babu sabis sai a kwafo fayil ɗin `.jar` a filashi a nuna mata shi a Driver Manager. Masu MySQL 8 za su iya cin karo da saƙon `Public Key Retrieval is not allowed`, wanda ake warwarewa da kunna `allowPublicKeyRetrieval`, kuma a cikin bututun SSH hakan ba shi da haɗari. Tsofaffin tebura masu kwanan wata `0000-00-00` su ma sukan sa direban MySQL ya tsaya sai an gyara `zeroDateTimeBehavior`. Abin da ya sa duk da haka muka riƙe ta shi ne nau'in haɗi da take kira Production. In ka zaɓe shi, tana rina allon, tana tambaya kafin ta aiwatar da umarni mai taɓa bayanai, kuma ba abin da zai tabbata sai ka danna Commit. Ka yi `UPDATE`, ka ga ta ce layi dubu goma sha biyu ya canza alhali goma sha biyu kake nufi, ka danna Rollback, ba abin da ya faru. Ga wanda yake riƙe da PostgreSQL a wani wurin kuma, ko yake aiki a Linux ko Mac, manhaja ɗaya ta ishe shi.

Gwajin kashe intanet ne ya nuna mana cewa wannan kariyar tana da nata kuɗin. Mun yi `UPDATE` a teburin kaya ba mu danna Commit ba, muka kashe data. A wajenmu haɗi ya mutu. A wajen sabar kuwa bai mutu ba, don ba wanda ya gaya mata. SSH na can riƙe da layin, layukan da muka taɓa suna kulle. Duk wanda ya zo rubuta ciniki a kan waɗannan kaya sai ya jira sakan 50 sannan ya sami kuskure 1205. In aka bar shi, MariaDB na iya jira har awa takwas, don `wait_timeout` sakan 28800 ne. A ranar kasuwa wannan na nufin kashiya uku a tsaye, layi har bakin ƙofa. Maganin gaggawa shi ne a sake shiga, a duba `information_schema.innodb_trx` da `SHOW PROCESSLIST`, a yi `KILL` da lambar tsohon haɗin, sabar ta warware aikin da kanta. Maganin dindindin kuma a saitin SSH na sabar yake: `ClientAliveInterval 30` da `ClientAliveCountMax 3`, yadda cikin minti ɗaya da rabi za ta gane babu kowa ta saki layin. Akasin wannan ma mun gani a HeidiSQL: dogon umarni guda da aka riga aka aika yana iya ƙarasawa ya tabbata a sabar ko da allonka ya nuna haɗi ya yanke. Kada a sake aika shi sai an duba, musamman irin `SET farashi = farashi + 500`, don sau biyu zai hau.

Babban fayil ɗin da ya jawo duk wannan kuwa, a ƙarshe ba mu ba kowace manhaja shi ba. HeidiSQL da DBeaver dukansu daga laftof suke tura umarni ɗaya bayan ɗaya ta cikin bututun, sabis ya motsa aiki ya tsaya. Tura fayil ɗin sabar da `rsync` ya fi, sannan a shiga `tmux`, wanda ke barin aiki ya ci gaba a sabar ko haɗi ya yanke, a buga `gunzip < kanti.sql.gz | mysql kanti`. Ko an ɗauke wuta, ko batirin laftof ya mutu, aikin na can yana tafiya, ka dawo da `tmux attach` ka same shi. In ya tsaya da `MySQL server has gone away`, yawanci `max_allowed_packet` ne ya yi kaɗan. In kwafin daga MySQL 8 ya fito za a zuba a tsohuwar MariaDB, zai ƙi `utf8mb4_0900_ai_ci` da kuskure 1273, sai an musanya shi da `utf8mb4_unicode_ci` a cikin fayil ɗin. Bayan an gama ba a dogara da adadin layukan da manhajoji ke nunawa a gefen tebur, don a InnoDB ƙiyasi ne. `SELECT COUNT(*)` muke yi a kowane babban tebur, mu haɗa da jimillar kuɗin cinikin watan jiya, mu gwada da abin da ke littafin akawu.

Yanzu akawu yana da HeidiSQL da asusunsa na karatu kaɗai, an kuma kunna mata ta riƙa tambayar kalmar sirri kullum maimakon ta adana, don yadda manhajojin biyu ke ɓoye kalmar da aka adana ba zai hana wanda ya sami laftof ɗin karanta ta ba. In zai fitar da rahoto zuwa Excel, ta hanyar shigo da bayanai yake buɗe fayil ɗin CSV ya nuna gurbin waya rubutu ne, in ba haka ba sifilin farko na 080 zai faɗi. Masu gyara suna DBeaver a kan Production, shiga SSH da mabuɗi ne ba da kalmar sirri ba, kowa da nasa. phpMyAdmin kuma ba mu goge ta nan take ba: `a2disconf phpmyadmin` muka yi muka sake loda Apache, muka bar ta a kashe mako biyu ko wani aiki zai ɓullo da ba mu tuna da shi ba. Abu ɗaya ne ya ɓullo, rahoton bashi na ƙarshen wata da akawu ya adana a cikinta, muka kwafo umarnin muka mayar da shi `VIEW` mai suna `bashin_wata`, sannan muka cire ta daga sabar.